Tabki Biyu da Akuyar Baba

Akwai wata magana da ke yawo a danginmu, kuma na san ta iso kunnuwanku, don ba a yin suna ko biki a ƙauye gwaggwanninku ba su tayar da ita ba. Wai ni, Mushe Issufu, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, boko ya hau mini kai har na je na sauke 'yata ta fari daga bayan uwata, a gaban mutane, na ɗora ta kan moto, wato babur, na yi tafiyata. To, an yi haka, ban zo musu ba. Amma masu ba da labarin kullum daga tsakiya suke kama shi su sake shi kafin ƙarshe, ni kuwa na gaji da yin murmushi ina shiru. Yanzu da na ajiye alli, ido ma ya fara yi mini gardama, bari in faɗa muku da kaina tun ina iya riƙe alƙalami.

A shekarar ina koyar da lissafi a kwaleji nan Dakoro, ni da uwarku muna haya a ɗaki biyu bayan kasuwar dabbobi. Babbarku, wadda har yau bakina bai saba da sunanta ba amma a takarda zan iya rubuta Hadiza, ta isa yaye a farkon damina. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar 'ya'yanku hoto tun ranar haihuwa ba za ku gane ba. A lokacinmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi a gabanka sai ka dubi wani wuri ka bar wani ya tashe shi. Yaye kuma na kaka ne. Aka kai ta wurin Inna, uwata, a ƙauyenmu da ke gaba da Ɗan Gulbi, a kan sai Inna ta ga dama ta maido ta. Uban da ya tambayi ranar dawowa ma, an yi masa dariya ke nan har kaka.

Ƙauyen namu da damina tabki biyu yake sha. Akwai Tabkin Tudu, babba, inda ruwan kori, rafin da ke gudu da damina, ke zuba, nan ake shayar da dabbobi. Idan ya cika sai ya riƙa tsiyaya ta wata 'yar magudana zuwa Tabkin Gangare, wanda ke kusa da gidaje, nan mata ke ɗiban na sha. Shi ma Gangaren yana zubar da nasa a hankali cikin fadama. Rijiya akwai, amma da nisa, ga zurfin da sai an ɗaura wa sa igiya ya ja guga. Da rani dole ake zuwa. Da damina, ana tsakiyar noma, wanda ya ce a saki hauya a je rijiya alhali ga ruwa a bakin ƙofa, sai a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

Ranar wata kasuwa, muna cikin hutun makaranta, na shiga kara, kasuwar dabbobi, in sayi ɗan rago, sai na yi kiciɓis da Ɗan Ladi, dillalin awaki, mutumin garinmu. Muka gaisa, ya ce:

"Mushe, ashe ba ka ji abin da ya hwaru ba? Ruwan nan na ranar Lahadi ya kada magaza, ɗakin ajiyar maganin kashe hwara. Gangunan duk sun yi tsatsa, ruwa ya kwashe su ya zuba Tabkin Tudu. Wari kamar mi! Tumaki sun sha, sun hwaɗi nan take."

Na ce, "Mutane fa? Ina suke shan ruwa?"

"A'a, kwantar da hankalinka. Baba ya gwada Gangare. Washegari da sahe ya sa anka kai akuya ta sha ta ƙoshi, anka ɗaure ta yini guda ana kallo. Ko tari ba ta yi ba. Yanzu kowa can shika sha, har dabbobin ma an maida su can."

Haka ake yi a wurinmu tun kakanni. In an yi shakkar ruwa, ko sabuwar rijiya ce ko wadda wani abu ya mutu a ciki, sai a ba dabba ta fara sha. In ta kwana lafiya, ruwa ya halatta. Dabara ce mai kyau, ta tsare rayuka da yawa, kuma Baba, mahaifina, da yake shi ne babba a unguwarmu, shi ake jira ya yanke. Ɗan Ladi ya ci gaba da yi mini cinikin rago, ni kuwa ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya faɗo mini a rai wani darasi ne da na yi a jami'a a Yamai, wanda a lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne. Malaminmu yakan zana randa biyu a allo, ya haɗa su da bututu. Ta farko da gishiri a ciki, ta biyu ruwa zalla. Ruwa mai kyau yana shiga ta farko, gauraye yana wucewa ta biyu, ta biyun kuma tana zubarwa waje. Sai ya ce mu rubuta yadda gishirin kowace randa yake canjawa, ba nawa yake ba, yadda yake canjawa. Layi biyu ne kawai. Na farko yana cewa gishirin randar farko yana raguwa daidai gwargwadon wanda ke cikinta, in ya ninka abin da ke fita ya ninka. Na biyu yana cewa gishirin randa ta biyu yana ƙaruwa da abin da ta farko ta aiko mata, yana raguwa da abin da ita ta zubar. Ba ka iya warware na biyun ba tare da na farkon ba, a ɗaure suke, shi ya sa ake kiransu sistem na ekwasiyo diferansiyel. Mun warware irinsu har mun gaji, muna tsaki muna cewa wa ya taɓa ganin mai hankali yana wasa da gishiri haka. Amma amsar ta zauna mini a kai. Gishirin randar farko tun daga farawa sauka yake yi. Na ta biyu kuwa daga babu yake tashi, ya yi ta hawa, ya yi tozo kamar na sa, sannan ya fara sauka. Wato ranar farko ita ce ranar da randa ta biyu ta fi kowace rana tsabta, kuma a ranar ce Baba ya kai akuyarsa.

Na koma gida ba rago. Uwarku tana tsakar gida tana tankaɗe, ta dube ni ta ajiye rariya. Na faɗa mata. Ita ma kunyar ta ɗaure ta, ba ta iya cewa a ɗauko mata 'yarta, sai ta ce:

"Ka je ka gaida su Inna mana. An kwana biyu."

Na gane nufinta. Na ari moto wurin wani abokin aikina na kama hanya. Ku da kuka san hanyar yanzu ba ku san ta ba. Rairayi ne da laka, nan ka hau, nan ka sauka ka tura. Duk tafiyar ina lissafi a kai, lissafin kuma yana tsorata ni. Na san siffar abin, ban san girmansa ba. Ban san yawan maganin da ya zuba ba, ban san ƙarfin magudanar ba, ban san kason da rana da laka ke cinyewa ba. Tozon nan zai iya zama ɗan ƙarami wanda ko kaza ba zai kashe ba, zai iya zama wanda zai kwantar da gari. Kuma na san jikin yarinyar da aka cire daga nono ba jikin akuya ba ne, ga shi ruwa da kunu ne duk abincinta.

Na bi ta Tabkin Tudu kafin in shiga gari. Warin ya ragu, abin da kowa ke murna da shi ke nan, ni kuwa shi ya ƙara tayar mini da hankali, don na san inda abin da ya ragu ya tafi. Na tsaya a bakin magudanar. Ruwa yana bi a hankali, garau da shi, yara suna tsallakawa.

Na sami Baba a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, ya dawo daga gona, da dattawa a gefensa. Na durƙusa muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, don ko gobara ake yi ba ka yanke wa Baba gaisuwa. Sannan na ce ina da magana a kan ruwa.

"Wane ruwa? An gama wannan. Mun gwada."

"Baba, gwajin daidai ne, ranar ce ba daidai ba. Ran da akuya ta sha, dahin bai iso ba tukuna. Yanzu shina bisa hanya."

Wani daga cikin dattawan ya yi dariya ya ce dafi ba baƙo ba ne da zai aiko yana tafe. Na ga in na kawo maganar Yamai na kashe kaina, sai na leƙa cikin gida na roƙi Inna ƙwarya biyu da ludayi da ɗan shunin wanki. Nan na ga yarinyar a bayan Inna, tana barci, bakinta da busasshen kunu. Na kawar da kai yadda aka koya mini.

Na cika ƙoren da ruwa a gaban dattawa, na zuba shuni a ɗaya ta yi shuɗi sosai. Na ce wannan Tudu, wannan Gangare. Na ɗebi ludayi daga mai shuni na zuba a mai fari, na ɗebi ludayi daga mai farin na zubar a ƙasa, na mayar wa ta farko da ruwa mai kyau. Ta biyun ko alama ba ta nuna ba.

Na ce, "Nan akuya ta sha."

Na ci gaba, zuba, zubar, mayar. A hankali ta farkon ta fara washewa, ta biyun ta fara rinewa, har suka zo kusan launi ɗaya. Dattijon da ya yi dariya ya gyara zama. Baba mutum ne mai kaifin kai, ban taɓa shakkar ya gane ba, na ga ganewar a fuskarsa. Amma shi ya tsaya a masallaci ya ce wa gari ruwa lafiya lau, kuma a kan maganarsa mutane suka koma gona. Ya dubi ƙwaryar ya ce:

"To, na gani. Shuni ne wannan. Shi dahin, in ya iso, zai kai ya kashe mutum?"

"Ban sani ba, Baba."

"Yaushe za shi kai ƙarshen ƙarhinshi?"

"Ban sani ba. Sai an auna."

"Ke nan shina yiwuwa ba komi."

"Shina yiwuwa."

Da na yi masa ƙarya a nan, da na ce gobe-goben nan mutane za su mutu, wataƙila da ya tashi gari. Ban iya ba. Lissafin bai ba ni wannan ba. Na ce a toshe magudanar. Ya ce ruwan sama bai tsaya ba, in an toshe Tudu zai ɓalle ta gabas ya kai gubar cikin gonakin mutane, gonar wa zan zaɓa? Na ce to a koma rijiya. Ya ce shanun duk suna gona, hatsi ya kai gwiwa, ciyawa tana cinye shi.

"Ka ce in tada gari daga noma bisa 'ban sani ba'? In ba a mutu da ruwa ba a mutu da yunwa? Issuhu, abin da ido ya gani shi muka bi. Akuya ga ta can tana tuƙa."

Na tashi na shiga cikin gida. Ban shirya abin da na yi ba, ban kuma yi shawara da kowa ba. Inna tana tsugune bakin murhu, ta kwance goyon ta juyo da yarinyar gaba, ta ɗebo ruwa a moɗa daga randa za ta ba ta. Moɗar nan ita na gani. Na ce:

"Inna, kar ki ba ta."

Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Ta mayar da yarinyar baya tana ƙoƙarin ɗaure zani, ni kuma na sa hannu na ɗauke ta. Ranar ce na fara ɗaukarta tun da aka haife ta, ban ma san haka take da rashin nauyi ba. Matan gidan suka yi cirko-cirko. Wata ta ce, "La ilaha illallahu, ɗiyar hwari!" Inna ba ta ɗaga murya ba, zanin goyon yana hannunta, ta ce:

"Ni zan kashe ta, Issuhu? Ni da na goye ka?"

Na ce ba ita ba ce, ruwan ne, na roƙe ta don Allah ta bar shan na Gangare. Ban san ko ta ji ba, don yarinyar ta farka tana tsala kuka tana miƙa mata hannu. Na cire rawanina na ɗaure ta a ƙirjina, na fita ta gaban Baba da dattawa. Ba wanda ya tsayar da ni, ba kuma wanda ya amsa sallamata.

Tsoron da na ji a hanyar dawowa ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Mun wuce Ɗan Gulbi kaɗan sai kukan ya tsaya, na ji ɗumi a ƙirjina, ta yi amai. Na tsaya a gindin wata aduwa na kwance ta. Jikinta ya saki, gumi ya jiƙe ta, yawu yana bin haɓarta. Na buɗe idonta da yatsa ina duba ƙwayar, don na taɓa jin maganin fara yana tsuke ta, amma a cikin hasken rana ƙwayar idon kowa a tsuke take, ban iya bambancewa ba. Ba kowa a dajin, sai ni da ita da moto mai zafi. Ga ƙishirwa tana damunta, ni kuma ban ɗauko ko ɗigon ruwa ba. Na kira sunanta da ƙarfi, a karon farko, na yi ta kira har ta motsa. Na sake ɗaure ta na hau, ina tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a bayanta ina jin ko tana numfashi.

Kai tsaye na wuce gidan likita. Majo, babban mai duba marasa lafiya, ya saurare ni, ya duba ta, ya yi mata allura ya ce a kwantar da ita. Na tambaye shi gubar ce? Ya ce zai iya yiwuwa ta ɗan taɓa ta, zai iya yiwuwa rana ce da jijjigar hanya, ba zai rantse ba. Har yau ni ma ban sani ba. Uwarku ta zo da gudu ba mayafi, ta manta da wata kunya. Kafin la'asar ɗin washegari yarinyar ta tashi zaune tana neman fura.

Na kai rahoto wurin ma'aikatan gona, suka ce za su je su auna, sai aka sake yin ruwa kori ya cika ya raba mu da ƙauyen. Kwanakin nan na jira su ne suka fara sa mini furfura. Addu'a biyu ke faɗa a bakina. Ina roƙon Allah ya sa lissafina ƙarya ne, ko da zan zama abin dariya har in mutu. In na gama kuma sai in tuna fuskar Inna, in ji in ƙarya ne to me na yi mata ke nan. Duk wanda na hango daga wajen garinmu sai in tsaya, ina jiran ya ce mini wane ya rasu.

Da hanya ta buɗe muka tafi tare da ma'aikatan. Kwaɗin Gangare ne suka fara yin shiru, in ji mutane, sai gaiwa ta taso sama, sai aka ga tsuntsaye a bakin ruwa ba sa tashi. Tumaki da 'yan maruƙa da dama sun mutu. Yara da tsofaffi sun yi ta amai da ciwon ciki, an kwashi wasu a amalanke, amma Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Na iske Baba da kansa tsaye bakin tabkin da sanda yana kora mutane, shanunsa kuma suna rijiya suna jan guga, gonarsa ciyawa ta rufe. Akuyar kuwa ba abin da ya same ta, har ta haihu da kaka, shi ya sa gwaggwanninku suke kafa shaida da ita. Baba bai ce mini na yi daidai ba, ban kuma jira ba. Da za mu rabu ne, yana kallon wani wuri, ya ce:

"Ƙwaryar nan ta biyu, yaushe taka washewa?"

Na ce sai bayan ta farkon ta washe, a ƙara jira. Ya gyaɗa kai. Ba a sake shan Gangare ba a daminar nan.

Da Baba muka daidaita. Da Inna ne abin bai koma yadda yake ba. Tana amsa gaisuwata, tana karɓar abin da na aika, tana sa mini albarka. Amma ku sauran da kuka biyo baya, ba wanda ta karɓa yaye. Duk lokacin da uwarku ta aika, sai ta ce bayanta yana ciwo. Ni kuwa na ɗauka fushin a kan al'ada ne, a kan na kunyata ta gaban matan gida, na bar shi a haka ina cewa rai ya fi kunya. Har yanzu ma haka nake cewa. Da za a maido ranar, da na sake ɗaukar yarinyar.

Shekaru suka wuce, Inna ta tsufa ƙwarai, na ɗauko ta ta dawo wurinmu nan Dakoro. Wata hantsi tana zaune a tabarma tana shan rana, ni ina gefe ina gyara takardun 'yan makaranta, ba wanda ya kawo zancen, sai ta ce:

"Issuhu, maganar ruwan nan, kai ke da gaskiya. Tun ranar na sani. Da ka hita na zubar da randar."

Na ajiye biro na ce to me ya sa ta riƙe ni duk shekarun nan.

"Ka san ruwan dahi ne. Ka ɗauki ɗiyarka. Ni da nike shan shi tare da ita, ba ka ce, Inna, taho mu tahi ba."

Na ce:

"Inna, da na ce, da kin hau moton?"

"Da ban hau ba," in ji ta. "In bar ubanka da gida wa wa? Amma da ka ce."